Zakin Yammacin Afirka: Yadda Masana Ke Auna Kusancin Dabba da Ƙarewa

A shekarar 2005 masana sun lissafa gandun daji 21 a Yammacin Afirka da aka yi imanin akwai zaki a cikinsu. Daga 2006 zuwa 2012 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera mai kare dangin kyanwa na daji ta bi diddigin wannan lissafi a ƙasashe 11. Da sakamakon ya fito a Janairun 2014, a wurare huɗu kacal aka tabbatar da zaki: Niokolo-Koba a Sanagal, gandun Kainji da na Yankari a Najeriya, sai haɗakar dazuzzukan W, Arly da Pendjari da ta ratsa Nijar, Burkina Faso da Jamhuriyar Benin. Jimillar da suka ƙiyasta ita ce zakuna 406, kuma manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba. Faɗin ƙasar da suke rayuwa a cikinta bai wuce kashi 1.1 cikin 100 na inda suke a da ba. Shekara guda bayan haka, a 2015, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa zakin wannan yanki a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai a ce dabba ta ɓace daga daji.

Mai karatu zai iya tambaya, wa ya ƙirga su har ya ce 406, ba 400 ba? Kuma da wane ma'auni ake cewa wannan dabba tana bakin ƙarewa, waccan kuma da sauranta? Amsoshin suna da ɗan tsawo, amma sai an bi su sannan a gane abin da lambar take nufi da abin da ba ta nufi.

Da farko dai, dabbar da ke cin nama ba ta taɓa yin yawa ba, ko a dajin da babu mai taɓa shi. Ciyawa ce ke riƙe ɓauna da gwanki da kanki, su kuma su riƙe zaki, kuma a kowane hawa abinci raguwa yake yi. Wasu masana biyu, Chris Carbone da John Gittleman, sun auna wannan a 2002, suka ga cewa kilo 10,000 na dabbobin da ake farauta yana riƙe kimanin kilo 90 ne kawai na mai farautarsu. Wato kafin garken zakuna goma ya zauna da gindinsa a wuri, sai an sami fiye da tan 100 na namun daji suna yawo da ƙafafunsu a wurin. Dazuzzukanmu kuma ba su da kitson na Gabashin Afirka. A W-Arly-Pendjari, wanda shi ne mafi albarka a yankin, zaki ɗaya zuwa biyu ake samu a kowace murabba'in kilomita 100. Ga jinkirin haihuwa: zakanya tana ɗaukar ciki na kwana 110 ko kusa da haka, ta haifi biyu zuwa huɗu, sannan sai ta yi wajen shekara biyu tana rainonsu kafin ta sake, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan ba sa kaiwa girma. Dabba mai irin wannan tsari, idan aka rage ta, ba ta saurin farfaɗowa.

Ƙirgar ita ce aikin wahala. Zaki da dare yake yawo, da rana yana kwance cikin duhuwa, kuma inda aka saba harbinsa ko jin ƙarar mota ya yi sai ya sulale. Don haka masu bincike ba zakin suke ƙirgawa kai tsaye ba, alamunsa suke bi.

Hanya ta farko ita ce sawu. Da asuba, kafin iska da shanu su ɓata ƙasa, mota tana tafiya a hankali kan hanyar burji, masu bin sawu na zaune a gaba idonsu a ƙasa. Wanda ya san aikin ba ya rikita sawun zaki da na kura. Na kura yana nuna farce, kuma dunduniyar tafinta gida biyu ce. Zaki yana janye farcensa idan yana tafiya, saboda haka ba a ganinsa a ƙasa, dunduniyar tafinsa kuma gida uku ce. Ana rubuta yawan sawun da aka gani a kowace kilomita 100 da aka bi, sannan a juya shi zuwa ƙiyasin yawan zakuna ta hanyar wani lissafi da aka gwada a dazuzzukan da aka riga aka san adadin zakunansu. Matsalar ita ce akasarin waɗancan dazuzzuka a Kudanci da Gabashin Afirka suke, inda ƙasa da hanyoyi da halin zakunan suka bambanta da namu.

Hanya ta biyu kira ne. Da dare ake tsayar da mota, a ɗora lasifika a samanta, a saki kukan ɗan ɓauna da aka kama, na tsawon wajen awa guda, a riƙa haskawa da fitila mai jan haske ana duba abin da ya zo. Sau da yawa kuraye ke fara isowa. Zakanya mai ƙananan 'ya'ya ba kasafai take zuwa ba, wanda ya ƙoshi ma bai damu ba, wanda kuma ya sha wuyar mutane zai tsaya nesa yana saurare. Dole sai an yi ƙiyasin kashi nawa ne suke amsa kiran, daga wace tazara kuma suke jin sa.

Akwai kuma kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya, masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gitta. Ullas Karanth ya nuna amfaninsu a Indiya a shekarun 1990 wajen ƙirga damisar Asiya mai ratsi-ratsi, domin kowace da irin zanenta. Dabarar lissafin mai sauƙi ce. A ce kana da ƙwaryar wake ba ka son ƙirga ta duka. Ka ɗebi ƙwaya 20 ka shafa musu shuni, ka mayar ka gauraya, ka sake ɗibar 20. Idan ka ga biyar masu shuni a ɗiba ta biyu, to waken da ke ƙwaryar wajen 80 ne. Haka ake yi da hotuna: yawan dabbobin da aka sake gani shi ke nuna yawan waɗanda ba a gani ba. Sai dai zaki ba shi da zane a jiki. Ana gane shi ne ta ɗigo-ɗigon da ke gindin gashin bakinsa, wanda tsarinsa ba ya canzawa tun daga ƙuruciya, ko ta yagewar kunne da tabo, kuma kyamarar da ke bishiya ba kullum take kama fuska yadda ake so ba. Shi ya sa wasu suka koma ga kashin zaki. Wata masaniya 'yar Najeriya, Talatu Tende, ta tattara kashin zakuna a Yankari da Kainji, aka ciro ƙwayoyin halitta daga ciki, aka tantance ɗaiɗaikun zakuna da jinsinsu ba tare da an kama ko ɗaya ba.

Duk wanda ya fahimci waɗannan hanyoyi zai gane cewa 406 tsakiyar ƙiyasi ce. Su kansu masu binciken sun rubuta cewa adadin na iya zama daga 273 zuwa 605. Jaridu ne suka ɗauki lamba ɗaya suka bar sauran, kamar yadda suka saba. Wannan tazara mai faɗi ba gazawa ba ce, faɗin gaskiya ce, kuma ko a ɗauki lambar sama hukuncin ba ya canzawa sosai.

Shi hukuncin daga wani kundi yake fitowa, wanda IUCN ta fara tarawa tun 1964, ana kiransa Jan Kundi. A farkon lamari ra'ayin masana ne ke sa dabba a wani mataki, abin da ya sa dabbar da ta fi farin jini kan fi samun kulawa. A 1991 Georgina Mace da Russell Lande suka kawo shawarar a sa ma'aunai na lissafi, aka fara aiki da su a 1994, aka gyara su a 2001. Matakan haɗari uku ne: mai rauni, wanda ke cikin haɗari, da wanda ke cikin matsanancin haɗari. Ana shiga kowannensu ta ɗaya daga cikin ƙofofi biyar, daga A zuwa E, kuma ƙofa ɗaya ta isa.

Ƙofar A saurin raguwa take dubawa, cikin shekara goma ko tsawon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Idan musabbabin raguwar bai gushe ba, kashi 30 cikin 100 yana sa dabba a matakin farko, kashi 50 a na biyu, kashi 80 a na ƙarshe. Zuriya a nan tana nufin matsakaicin shekarun iyaye masu haihuwa, wanda a zaki wajen shekara bakwai ne, saboda haka shekara 21 ake dubawa. Ƙofar B ƙanƙantar mazauni ce, ta fi shafar kwaɗi ko tsiron da ke kan dutse ɗaya. Ƙofar D tsabar ƙarancin adadi ce: manya ƙasa da 50, an shiga matakin ƙarshe ba sai an tambayi komai ba.

Ta ƙofar C zakinmu ya shiga, kuma a nan ne abin ya fi ban tsoro. Sharaɗinta na shiga matakin ƙarshe shi ne manya masu haihuwa su gaza 250, adadin yana ci gaba da raguwa, sannan a sami ƙarin wani rauni a yadda suka rarrabu. Raunin da aka samu a nan shi ne kusan kashi 90 cikin 100 nasu a wuri ɗaya suke. A cikin 406, wajen 356 a W-Arly-Pendjari suke. Kainji an ƙiyasta masa talatin da 'yan kai, Niokolo-Koba ƙasa da ashirin, Yankari kuwa abin da aka iya ƙiyastawa bai kai biyar ba. Lura da cewa ba duk zaki mai rai ake sawa a lissafin ba. 'Ya'ya ba sa ciki, haka kuma wanda ya rage shi kaɗai a daji ba shi da abokin barbara, domin ba zai bar baya ba.

Akwai wani abu da yake ruɗa mutane. A wannan kundi dai, zakin duniya baki ɗaya a matakin farko yake, mai rauni, domin a 2015 an ƙiyasta raguwarsa da kashi 43 cikin 100 tsakanin 1993 da 2014. Amma wannan matsakaici ne da ya haɗa masu ƙiba da masu rama. A Botswana, Namibiya, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe da Indiya zakunan da aka auna ƙaruwa suka yi, da yawansu a cikin gandun da aka kewaye da shinge. A sauran Afirka raguwar ta kai wajen kashi 60. Da a ce zaki duk zaki ne, da sai a ce ai in na nan ya ƙare a ɗebo daga can. Binciken ƙwayoyin halitta ya rushe wannan tunani. Tun 2017 masana dangin kyanwa na IUCN suka raba zaki gida biyu: na Kudanci da Gabashin Afirka a gefe guda, na Yammaci da Tsakiyar Afirka tare da na dajin Gir da ke jihar Gujarat ta Indiya a ɗaya gefen. Wato zakin Pendjari, mai ƙaramar geza, ya fi kusa da na Gujarat a kan na dajin Serengeti na Tanzaniya. Ɗan uwansu na Arewacin Afirka, zakin tsaunukan Atlas, ya riga ya tafi. Akan ambaci wanda aka harbe a Maroko a 1942 a matsayin na ƙarshe, ko da yake wani nazari na baya ya nuna mai yiwuwa 'yan kaɗan sun ci gaba da ɓuya har bayan haka, babu wanda ya sani balle ya kare su.

Me ya sa taruwa a wuri ɗaya ta zama babban haɗari haka? Tanzaniya ta ba da amsa sau biyu. A 1962 wasu ƙudaje masu cizo suka yi ambaliya a kwarin Ngorongoro, zakunan wurin suka faɗo daga wajen 70 zuwa wajen 10. Sun sake yawa daga baya, amma kusan duk daga waɗannan 'yan tsiraru suka fito, kuma da aka duba mazan bayan shekaru an sami nakasa mai yawa a maniyyinsu, alamar barbara tsakanin 'yan uwa na jini. A 1994 kuma wata annoba da aka danganta da karnukan ƙauyukan gefe ta shiga Serengeti ta kashe wajen zakuna 1,000, kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke wurin. Serengeti ta iya ɗaukar wannan asara domin tana da dubbai. Irin wannan cuta ta kashe fiye da ashirin a Gir a 2018. A garken da bai wuce biyar ba ko annoba ba a buƙata. Zakanya ɗaya ta faɗa tarkon waya, ɗayar ta haifi maza zalla, shi ke nan magana ta ƙare ba tare da wani babban bala'i ya auku ba.

Irin wannan sa'a da rashin sa'a ne ƙofar E take ƙoƙarin aunawa. Ana zuba wa kwamfuta bayanan haihuwa da mutuwa, yawan 'ya'ya, yiwuwar fari ko annoba, sannan a sa ta maimaita rayuwar garken sau ɗaruruwa ko dubbai, kowane zagaye da irin tasa ƙaddarar. A ƙarshe a duba a zagaye nawa ne garken ya ƙare. Idan yiwuwar ƙarewa ta kai rabi cikin shekara goma ko zuriya uku, matakin ƙarshe ke nan. Mark Shaffer ne ya share fagen wannan hanya da nazarinsa kan beyar ɗin gandun Yellowstone na Amurka. Kyakkyawar dabara ce, amma ba kasafai ake shigar da dabba kundin ta wannan ƙofa ba, saboda tana buƙatar bayanan shekaru masu yawa. A ganina ta fi amfani wajen gwada zaɓi: idan aka rage mutuwar manyan mata da kashi kaza, ko aka shigo da namiji ɗaya duk bayan 'yan shekaru, wanne ya fi ɗaga garken? A dabbobi masu tsawon rai irin zaki, amsar kan karkata ne ga ran manyan mata.

To me ke kashe su? Rosie Woodroffe da Joshua Ginsberg sun nuna a 1998 cewa manyan masu cin nama, ko a cikin gandun da doka ta kare, yawanci a bakin iyaka suke mutuwa, a hannun mutane, kuma dabbar da ta fi yawo mai nisa ita ta fi saurin ƙarewa a ƙaramin gandu. A yankinmu labarin yana tafiya ne kamar haka. Masu farautar naman daji su rage ɓauna da gwanki da mariya. Da rani makiyaya su shigo gandu neman ruwa da ciyawa, domin noma ya cinye burtali da makiyaya a waje. Zakin da ya rasa abincinsa ya kama saniya. Mai saniya, wanda babu mai biyansa diyya, ya barbaɗa maganin ƙwari a jikin mushen. Zaki kan dawo wa abin da ya kama, kuma ba shi kaɗai yake dawowa ba, don haka mushe ɗaya na iya kwashe garke guda, ya haɗa da kuraye da ungulaye. Abu ne mai sauƙi a zauna a birni a zagi makiyayin, amma saniya ɗaya a wurinsa dukiya ce babba. Sai kuma kasuwar fata da man zaki ta masu magungunan gargajiya, wadda ta sa gawar zaki ta zama kuɗi.

Tawagar Henschel ta lura cewa da yawa daga dazuzzukan da zaki ya ɓace a cikinsu gandu ne a takarda kawai, babu kuɗin sintiri, babu motoci, ma'aikatan ma ba su da yawa. Wani nazari da Peter Lindsey ya jagoranta a 2018 ya ƙiyasta cewa gandun da ke da zaki yana buƙatar dala 1,000 zuwa 2,000 a kowace murabba'in kilomita duk shekara. Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne. Ko da ƙaramin farashin aka yi lissafi, an haura dala miliyan biyu a shekara.

Inda aka kashe kuɗi aka kuma cire musabbabin mutuwa, an ga canji. Kyanwar dajin Sifaniya da Fotugal ba ta kai ɗari ba a farkon shekarun 2000. Aka farfaɗo da zomayen da take ci, aka yi kiwonta aka sake ta, a 2015 ta sauka mataki ɗaya a kundin, a 2024 ta sake sauka, adadinta ya haura 2,000. Zakunan Gir sun tashi daga 523 a 2015 zuwa 674 a 2020. A Niokolo-Koba ma, bayan hukumar gandun dajin Sanagal da Panthera sun ƙarfafa sintiri, zakunan sun ƙaru, kuma a 2024 UNESCO ta cire gandun daga jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari.

Amma wurin da ke riƙe da kashi 90 ɗin nan ya shiga wani hali da ma'aunan kundin ba su tanadi gurbinsa ba. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun kafa sansani a sassan Arly da W. A 2019 an sace 'yan yawon buɗe ido biyu 'yan Faransa a Pendjari aka kashe ɗan jagoransu, a Fabrairun 2022 kuma nakiyoyi suka hallaka ma'aikatan ƙungiyar African Parks mai kula da gandun daji a ɓangaren W na Benin. Kainji ma yanzu 'yan bindiga sun sa shiga sassansa ya zama kasada. Inda mai gadin daji ba zai iya shiga ba, mai bin sawu ma ba zai shiga ba. Sakamakon shi ne lambar da har yanzu ake yawan ambata ta dogara ne da sawun da aka gani fiye da shekara goma da suka wuce.

Game da Yankari, akan ji masu cewa a kawo zakuna daga wani wuri a ƙara. An taɓa yin irin haka ya yi aiki: a 1995 aka kai mata takwas na wata babbar kyanwar daji daga Texas zuwa Florida a Amurka, inda 'yan uwansu suka ragu zuwa ashirin ko talatin kuma nakasar gado ta kama su, adadin ya ninka. Binciken Talatu Tende ya ma nuna inda za a dosa, domin ya gano cewa zakunan Najeriya tushe biyu gare su: na Kainji danginsu na Benin ne, na Yankari kuma sun fi kusa da na Kamaru. Idan za a ƙara wa Yankari jini, dazuzzukan Benuwe na arewacin Kamaru ne wurin dubawa, ba Afirka ta Kudu ba, duk da cewa can ne zaki ya fi sauƙin samu. Sai dai kafin a yi maganar jirgi da keji, sai an fara ƙirga ɓauna da gwankin da suka rage a bakin kogin Gaji, an san yawan shanun da ke shiga gandun da rani, an kuma zauna da ƙauyukan da ke kewaye an daidaita wanda zai biya idan sabon zakin ya kama saniya.